Dillalin da Bai San Mahaifinka Ba

Abu na farko da ya kamata mai niyyar kasa hajarsa a intanet ya sani shi ne, injin bincike bai san mahaifinsa ba. Bai san cewa kakansa ne ya fara kawo shadda unguwarsu ba. Bai san gidansu gidan mutunci ne ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan bawan Allah tun da ya fara ciniki bai ci kwabon kowa ba. Magana ce mai nauyi ga wanda ya tashi a inda suna yake gaba da jari, amma gara a faɗe ta da wuri, don yawancin wahalar da ƙananan 'yan kasuwa suke sha a waya daga nan take somawa.

A Kantin Kwari, baƙo bai gama sauko da ƙafa daga a-daidaita-sahu ba sai ya ji an tare shi: "Alhaji, sannu da zuwa. Atamfa ko shadda?" Ɗan kamashon nan ya san layi-layi, ya san wanda kayansa suka sauka jiya da wanda ya kwana biyu bai ga kwantena ba. Zai ja baƙo har bakin shago, a yi ciniki, ya karɓi la'adarsa. Aikin injin bincike ke nan, ko wanda yake cikin Jiji da Jumia da Facebook Marketplace, ko kuma Google da ke waje. Mai saye ya faɗi abin da yake nema, shi kuma ya kai shi inda abin yake. Inda ya bambanta da na Kwari shi ne, ba ya taɓa yadi ya ji laushinsa, ba ya shinshina turare, ba ya duban idon mutum ya gane mai gaskiya. 'Yan shekarun nan ya fara gane hoto, amma har gobe ƙarfinsa a karatu yake. Abin da ka rubuta shi zai riƙe. Abin da ka bari a ranka kuwa, a ranka zai kwana.

Don haka maganar take ce a gaba. Take shi ne layin nan guda da ake rubutawa a saman talla, kuma a nan ake fara zubar da ciniki. A ce wata baiwar Allah tana da keken ɗinki Butterfly mai ƙafa, lafiyayye, tana so ta sayar ta biya wa yaro kuɗin jarrabawa. Sai ta rubuta: "Sai wanda ya gani." Gaskiya ta faɗa, keken sai wanda ya gani. Matsalar ita ce babu mai gani, domin ba a saba samun mutumin da zai tashi da safe, ya buɗe waya, ya rubuta "sai wanda ya gani" a gurbin bincike yana sa ran keken ɗinki ya fito ba. Mai neman keke, "keken ɗinki" yake rubutawa, ya ƙara da sunan kamfani, wata sa'a ya ƙara da sunan garinsu. Waɗannan kalmomi uku ko huɗu su ne iyakar abin da dillalin ya ji daga bakinsa, kuma da su kaɗai zai shiga kasuwa yana dubawa.

Haka ma "Alhamdu lillahi, sabbin kaya sun iso." Godiya wajibi ce a kan wanda kayansa suka iso lafiya, musamman ganin yadda hanyoyi suke, kuma tana da wurinta a zuciya da harshe da dogon bayanin da ke ƙasan talla, inda fili yake a yalwace. Take kuwa wuri ne ƙanƙane. Kasuwar eBay haruffa 80 kacal ta ware masa. Etsy, kasuwar masu sana'ar hannu da aka kafa a Amurka a 2005, ta ba da 140, ta ƙara da gurabe 13 na kalmomin nema. A fuskar waya ma ba duka ake gani ba, kalmomin farko ne suke fitowa, sauran ɗigo uku ya haɗiye su. Saboda haka a fara da sunan abu, sai kamfaninsa, sai samfurinsa, sai halin da yake ciki, sai gari. "Babur Bajaj Boxer, na hannu, takardu cikakku, Zariya." Babu daɗin ji a wannan jimla, babu wanda zai rera ta a biki, amma ita ce take sayar da babur.

Sana'ar ma da faɗin gaskiya ta soma. A watan Satumba na 1995, wani mai rubuta manhajar kwamfuta a jihar Kalifoniya, Pierre Omidyar, ya buɗe ɗan shafin gwanjo mai suna AuctionWeb, wanda a 1997 ya koma eBay. Cikin abubuwan farko da aka sayar a kansa akwai 'yar tocilan nan mai fitar da ɗigon jan haske, wadda masu lacca suke nuni da ita a allo. Ta lalace, ba ta kamawa, kuma haka Omidyar ya rubuta, cewa lalatacciya ce. Aka saye ta a kan dala 14.83. Shi kansa abin ya ɗaure masa kai, har ya aika wa mai sayen saƙo yana tambayar ko ya fahimci abin ba ya aiki. Ya fahimta sarai. A hakan yake so.

Alherin kasuwa mai faɗi ke nan: kusan kowane abu yana da mai nemansa, muddin an kira shi da sunansa, an kuma faɗi aibinsa. Wayar da gilashinta ya tarwatse tana da masu so a kasuwar waya ta Farm Centre, inda masu gyara suke buƙatar kayan cikinta. In ka rubuta "kamar sabuwa", ba za su zo ba, don su fasasshiya suke nema. Wanda zai zo shi ne mai neman kamar sabuwa, ya kashe kuɗin mota daga Rijiyar Zaki, ya gani da idonsa, ku rabu babu daɗi. Wanda ya yi mako guda yana karanta tallan motoci zai ga an yawaita cewa mace ce take tuƙa motar, kuma ofis kawai take zuwa da ita. Wataƙila wasu gaskiya ne. Sai dai babu mai bincike da wannan jimla, kuma ko wace ce ta tuƙa, mai saye da bakanikensa zai zo. Shekarar ƙira, tafiyar da ta yi, inda aka taɓa yi mata fenti, su ne za su rage muku gardama a gindin bishiya.

Akwai batun harshe, wanda ba ya yi mini daɗi amma ba zan ɓoye shi ba. Jiji da Jumia da Konga da Turanci suka tsara rukunansu, yawancin tallace-tallacen ciki ma da Turanci ne, kuma mai saye daga Aba ko Ibadan da shi zai nema. Mai sayar da firji ko janareta ya sa sunan Turanci a take, ya biyo da Hausa a bayani. Amma kilishi da turaren wuta da humra da dambun nama ba sa bukatar tafinta, da sunansu na gida ake nemansu ko'ina, wanda ya fassara su ma ɓatar da kansa ya yi. Kuma tun da yawancin mutane ba sa wahalar neman ƙ da ɗ da ɓ a madannin waya, babu laifi a rubuta sunan kaya ta fuska biyun a cikin bayani.

Wasu kuma da suka ji an ce injin da kalmomi yake aiki, sai su yi masa ambaliya. Mutum yana sayar da rago ana saura mako biyu Babbar Sallah, sai ya jera a ƙasa: iPhone, Toyota Corolla, fili, gidan haya, leshi, janareta. Lissafinsa shi ne duk wanda ya nemi ɗaya daga ciki zai faɗo kan ragon. Wani lokacin lissafin yakan ci, amma ga iyakarsa: mai neman iPhone ya danna, ya ga rago, ya tabbatar rago ne, ya fita. Bai saya ba, domin ba rago yake nema ba. Manyan kasuwannin kuwa suna lura da tallan da ake shiga a fita ba a yi ciniki ba, kuma ba sa ɗaukar hakan a matsayin yabo. Google ta sa cusa kalmomi cikin jerin abubuwan da take ɗauka a matsayin maguɗi, eBay kuma tana iya sauke tallan ɗungurungum. Ragon bai yi laifin komai ba, amma shi zai wuce Sallah a turke.

Sai 'yan guraben nan da ake cewa a cike: rukuni, launi, girma, sabo ko na hannu, jiha, ƙaramar hukuma. Mutane suna tsallake su saboda gaggawa da tsoron cin data. Alhali mai saye na gaske da su yake tace kasuwa, ya ce a nuna masa na Kano kawai, na hannu kawai, mai ƙofa biyu kawai. Duk wanda ya bar gurbi fayau, tacewar za ta zubar da shi. Firjin da aka ajiye a rukunin takalma kuwa zai zauna cikin takalma har wa'adin tallan ya cika.

Yanzu mu zo ga kuɗi, inda zukata suke yin nauyi. A kasuwar ƙasa, kuɗin kaya yana da dangantaka da rigar mai saye. Wanda ya fito daga mota mai sanyi da babbar riga akwai abin da ake faɗa masa, ɗalibi mai silifa ma akwai nasa. A waya ba a ganin riga. Shi ya sa da yawa suke ɓoye farashi, su ce "a yi mini magana ta ciki", ko su rubuta naira ɗaya don a bar su su wuce. Na fahimci zafin abin, kuma ba na raina shi. Ciniki a wurinmu ba musayar kuɗi kaɗai ba ne. A taya, a ce albarka, a ƙara, a tuna wa juna tsadar hanya, a yi kamar za a tafi, a kira mutum ya dawo, sannan a sallama, kowa ya ji ya yi ƙoƙari. Wanda ya rubuta farashi a fili yakan ji kamar an ƙwace masa rabin sana'arsa.

To amma ga yadda injin yake lissafi. Mai saye ya ce a nuna masa wayoyin da suke tsakanin naira dubu 100 da dubu 150. Taka a cikin wannan sahu take, amma kai ka rubuta naira ɗaya. Injin ba ya gane wasa, ba ya gane dabara. Ya yarda da kai cewa naira ɗaya ce, ya cire ka daga jerin. Waɗanda za su same ka su ne masu jera kaya daga mafi arha, kuma wanda ya rubuta naira ɗaya ya kamata ya tanadi amsar da zai ba wanda ya zo da naira ɗayarsa. Mafita mai sauƙi ce: a sa kuɗin gaskiya, a bar ɗan abin da za a rage, a nuna cewa akwai ragi. Tayi da albarka ba su mutu ba, wuri kawai suka sauya, sun koma cikin saƙo.

Hoto kuwa yana bukatar a zauna a kansa, domin nan ne mutunci yake fita ba da sallama ba. Madubi yana nuna abin da yake gabansa, kuma a lokacin ɗaukar hoto abin da yake gabansa shi ne mai ɗaukar hoto. Wannan doka ta shafi madubin sif, da gilashin talabijin, da butar shayi ta silba, da ƙofar firji mai sheƙi, da gilashin mota. Magidanci mai daraja, wanda ake tashi a ba shi wuri a ɗaurin aure, yana iya tallar kansa ga jihohi 36 da singileti da zani ba tare da ya sani ba. Shawarata ta gaskiya ita ce a sa riga kafin a ɗauki hoton duk abin da yake sheƙi, a tsaya ta gefe, sannan a buɗa hoton da yatsu biyu a duba kowane lungu kafin a tura. A duba ƙasan hoton ma. Wanda ya shimfiɗa kaya a tabarma ya ɗauka daga tsaye, yatsun ƙafarsa sukan shigo, kuma mai saye zai fi daɗewa yana kallonsu a kan kayan.

Sauran ba su da wuya. A goge idon kyamara da gefen riga, don yawancin hazon da ake ɗora wa waya man hannu ne. A fita tsakar gida da hantsi, a inuwa, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki mai sa shuɗin yadi ya koma toka ba. A shimfiɗa farin zanen gado a baya, a kawar da kwanuka da takalman yara. A ɗauka ta gaba da baya da gefe, a ɗauki inda ya karce ma. Kada a ɗauko hoton kamfani daga intanet a liƙa wa kayan da suka yi shekara biyar a ɗaki. Masu saye sun sha ganin bambancin abin da suka yi oda da abin da aka kawo musu, yanzu hoton da ya cika kyau tsoro yake ba su.

Duk wannan bincike na cikin kasuwa ne. Akwai na waje, kuma shi ne babban dalilin da ya sa mai ƙaramin jari yake amfana da kasa kayansa a babbar kasuwa. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabarar da suka fito da ita daga jami'ar Stanford ita ce auna darajar shafi da yawan shafukan da suke nuni zuwa gare shi da kuma darajarsu su ma. An ƙara abubuwa masu yawa a kan wannan ma'auni tun daga lokacin, amma gindinsa yana nan. Kasuwa irin Jumia da aka kafa a Legas a 2012, ko Jiji da ta biyo a 2014, ta shekara da shekaru ana ambatonta ana nuni gare ta, manhajojin Google masu zagaye suna leƙa ta a kai a kai. Kai kuwa da ka biya wani yaro ya buɗa maka shafin kanka makon jiya, babu mai nuni gare ka sai kai da yaron. Shafin naka yana iya yin watanni bai taso sama ba. Tallan da ka sa a babbar kasuwa yana cin albarkacin sunanta, har mutumin da bai taɓa buɗe manhajarta ba ya rubuta abin da yake nema a Google ya faɗo kanka.

Wannan ne abin da nake so matan da suke sana'a daga cikin gida su ji da kyau, don su ne suka fi kowa cin moriyar waya, kuma su ne suka fi tsayawa a rabin hanya. Waya ta sauke faranti daga kan yarinya. Uwa tana iya sayar da atamfarta da kayan kicin da cincin ba tare da ta cire 'yarta daga aji ta tura ta talla ba, kuma wannan kaɗai ya isa a yi wa abin addu'a. Sai dai yawancinsu a sitatus ɗin WhatsApp suke kasa kaya, su tsaya nan. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Ba ya ganuwa sai ga wanda yake da lambarki kuma kike da tasa. Google ba ta ganinsa ko kaɗan. Ma'ana, Hajiya, kasuwarki ita ce surukarki, da ƙawayen makaranta, da matan ƙannen miji, da mai gyaran famfo. Mutanen kirki ne, amma an san iyakar atamfar da mai gyaran famfo zai saya a shekara, kuma rabin sauran bashi za su ce. A ci gaba da sitatus don tsofaffin abokan ciniki, a kuma sa kayan a inda baƙo zai nema ya samu.

Wasu masu shafin kansu suna sa talla a kasuwannin ne don su liƙa adireshinsu a ciki, da fatan darajar kasuwar ta gangaro musu. Tun 2005 Google ta fito da alamar da masu shafi suke sa wa irin wannan adireshi, mai nufin "ba mu tsaya masa ba", kuma wasu kasuwannin ma, irin eBay, sun taƙaita sa adireshin waje a cikin talla. Abin da za ka samu shi ne mai saye, ba daraja ba. Mai sayen ya isa.

Da talla ya fara ganuwa, saƙonni za su fara shigowa, kuma mafi yawa tambaya guda ce: yana nan? Ya kamata a san asalin wannan tambaya don kada a ɗauke ta da zafi. Facebook ta buɗe Marketplace a watan Oktoba na 2016, ta kuma ajiye wannan tambaya a rubuce a ƙasan kowane talla, dannawa ɗaya ce take tura ta. Mutum yana kwance da daddare yana jan fuskar waya, babban yatsansa ya goga, sai ga shi ya tambaye ka ko injin markaɗenka yana nan. Ba ya son injin markaɗe. Bai ma san ya tambaya ba. Kai kuma ka tashi zaune, ka amsa, ka ƙara hotuna, ka fara lissafin abin da za ka yi da kuɗin. Amsa ɗaya ta isa, mai ɗauke da komai: "Yana nan, ranka ya daɗe. Kuɗinsa kaza, ana gani a wuri kaza." In ya yi shiru, a bar shi da shirunsa. Bin sa da "Malam, na ji ka shiru" sau uku ba zai sa ya so injin markaɗe ba.

Duk da haka a amsa wa kowa, kuma da wuri. Wasu kasuwannin suna rubuta saurin amsarka a gefen sunanka, kowa yana gani. Etsy ma sai wanda yake amsa kashi 95 cikin ɗari na saƙonnin farko a cikin awa 24 take ba tambarin gwanin mai sayarwa. Za ka haɗu da wanda zai ce "nawa ne na ƙarshe" kafin sallama, da wanda zai taya kashi ɗaya cikin huɗu ya ce don Allah, da wanda zai sanar da kai cewa a Legas rabin haka ake sayarwa. Wannan na ƙarshen ba ya bukatar gardama. "Allah ya kai ka lafiya, Alhaji, ya sa a dace," ta wadatar, kuma addu'a ce ta gaskiya.

Taurari da sharhin masu saye su ne abin da ya fi kusa da suna a wannan kasuwa, kuma a hankali ake tara su, ciniki bayan ciniki. Wanda ya ji daɗin kayanka, roƙe shi ya rubuta layi biyu, ba abin kunya ba ne. Abin da za a guje shi ne tara 'yan gida a dare guda. Mai saye yana karantawa. In ya ga sharhi biyar a rana ɗaya, duk sunan mahaifi ɗaya, na ƙarshen yana cewa "Allah ya yi maka albarka, ɗana", zai gane gida ne mai haɗin kai, amma ba zai ƙaru da komai a kan ingancin takalmin ba. Kasuwannin suna hukunta wannan, a Amurka kuma hukumar kula da cinikayya ta kafa ƙa'ida a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi.

Game da biyan kuɗi a ɗaga talla, ya danganta da irin kasuwar. Jiji da Facebook Marketplace haɗa ku kawai suke yi, ku ƙarasa a tsakaninku, sa talla kyauta ne, mai son ya hau sama na wasu kwanaki ya biya. Jumia da Konga kuwa suna shiga tsakani, kuɗi ta hannunsu yake bi, su cire kamashonsu, don haka a yi lissafin kamasho da kuɗin kai kaya kafin a yanka farashi. Ɗagawar tana aiki, amma abin da ka rubuta shi take ɗagawa. Wanda ya biya aka ɗaga "sai wanda ya gani" da hoto mai duhu, ya sayi ƙarin mutanen da za su wuce shi ne. A gyara talla tukuna, a bar shi kwana biyu a ga ko ana kira, sannan a taɓa aljihu.

Ganuwa tana jawo masu saye, tana kuma jawo waɗanda ba saye ya kawo su ba, kuma a nan babu wasa. Saƙon tes da ya ce kuɗi sun shigo ba kuɗi ba ne. Hoton rasidi ba kuɗi ba ne. Rantsuwar cewa netiwok ne ya riƙe su ba kuɗi ba ce. Kuɗi su ne abin da ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga ya ƙaru, kuma kaya ba sa barin hannunka, ba a miƙa su ga direba a tasha, sai bayan haka. Duk wanda ya ce ka karanto masa lambar da aka turo wayarka don ya tabbatar kai ne, asusunka yake nema. A haɗu da rana, a inda jama'a suke, bakin banki ko gidan mai, da ɗan rakiya. Mata kada su sa hoton ƙofar gida ko cikakken kwatance a talla, sunan unguwa ya isa, ɗan'uwa ya fita da kayan. Wanda jarinsa duka bai wuce waya guda ba, alat na bogi ɗaya ya isa ya mayar da shi zaman gida, kuma irin waɗannan ne suka fi yawa.

A kuma riƙa tunawa cewa shafin da tallanka yake kai na kamfanin ne, darajar da yake da ita a Google ma ta kamfanin ce. A 2019 Jiji ta karɓe harkokin kasuwar OLX a Najeriya da Ghana da Kenya da Tanzaniya da Uganda, masu sayarwa suka wayi gari kasuwarsu ta koma wani hannu. A watan Nuwamba na wannan shekarar Jumia ta rufe a Kamaru. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A Satumbar wannan shekarar kuma an katse layukan waya a Zamfara, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda matsalar tsaro, aka yi makonni a haka. Shi ya sa nake ganin littafi mai bango da biro suna cikin kayan aikin mai kasuwancin intanet. Duk wanda ya saya ya ji daɗi, a rubuta sunansa da lambarsa da abin da ya saya. A kuma kasa kaya a wuri fiye da ɗaya, a riƙa amfani da suna ɗaya a ko'ina, don wanda ya neme ka da sunan ya same ka.

Saura aiki guda, wanda kusan kowa yake mantawa saboda murnar ciniki. In kaya sun fita, a koma a danna cewa an sayar, ko a sauke tallan. Injin bai halarci cinikin ba, bai ji lokacin da aka ce an sallama ba, kuma zai ci gaba da turo mutane da zuciya ɗaya. Ko bayan an sauke, Google takan ɗan jima tana nuna tsohon shafin kafin ta sake zagayowa ta ga babu. Wanda ya bar tallan gadon da ya sayar a watan Rajab, ya shirya amsa waya a kansa har bayan Sallah, wani kiran ma ana tsakiyar sahur, daga mutumin da ya riga ya auna ɗakinsa ya ga gadon zai shiga.